Zaman da Na Yi wa Inna

Ƙamshin gumba nake fara ji in na tuna shekarar nan: jiƙaƙƙen gero da aka daka da citta da kanumfari, ana dunƙulawa a kan faifai don sadakar uku ta Babana. Damina na gab da wucewa, tabkin Madarumfa ya cika har itatuwan bakinsa sun tsaya cikin ruwa, kwaɗi ba sa yin shiru ko da rana. Matan maƙwabta sun jera turame a tsakar gidanmu suna karɓar taɓarya hannu da hannu, ni kuma ina tsaye da tsintsiya ban san inda zan share ba. Ku 'ya'yana kun sha jin an ce uwarku ba ta zauna makokin ubanta ba, littafi ta ɗauka ta tafi bakin ruwa. Kun ji shi a bakin dangi ana dariya, ban taɓa musawa ba. Yanzu da jikata Nana ta fara kasa tashi daga bencin aji, likita ya tambaye ku ko akwai mai irin wannan a dangi kuka ce babu, ya zama dole in yi magana. Akwai. Kakarku ce, wadda ta haife ni.

Inna ba ta zama. Abin da kowa ya sani game da ita ke nan a garin, har aka laƙaba mata Tsayayya. A tsaye take kaɗi, mazari na juyawa tana zagaya tsakar gida. A tsaye take tankaɗe. Tuwo ma sai ta yi loma biyu ta miƙe ta je duba akuyar da ba ta yi kuka ba. Mai kitso ta gaji da ita, ta ce ita ba ta iya bin kai yana yawo ba, don haka Inna ta koyi kama gashinta da kanta. A bakin zanenta kullum akwai ƙullin mazarƙwaila da Baba ke sayo mata daga kasuwar Ɗan Issa, mata na cewa kwaɗayi ne. Sallah kaɗai ke zaunar da ita, ita ma da ta sallame ta shafa addu'a sai ka ganta a tsaye.

Ban san ta sosai ba, in faɗa muku gaskiya. Ni ce ɗiyar fari, kun kuwa san yadda abin yake a da. Ba ta kiran sunana, ba ta kallona in da mutane, in za ta ba ni abu sai ta ajiye a bakin turmi ta kau da kai. Da aka yaye ni Gwaggo Kande, yayar Baba, ta ɗauke ni zuwa Safo, a bayanta na girma. Daga baya dogarai suka zo neman yaran da za a sa lakwal, wato makarantar boko, kowa ya ɓoye nasa, Baba ya ce a rubuta ni, aka kai ni Maraɗi. Waɗanda Inna ta haifa bayana Allah bai raya su ba. Sai da hutu nake zuwa gida, in zauna gindin tsamiya da littafi a cinya ina satar kallon wannan doguwar mace da ke kai da komowa kamar ruwa na neman hanya, ina fata ta tsaya kusa da ni ko sau ɗaya.

Abin da na riƙe Baba da shi a raina kuwa shi ne kira. Ko suna ake, ko biki, ko gaisuwar mutuwa, Inna ba ta gama ɗumama wuri sai a ji muryarsa daga bayan danni yana tambayar ina aka sa masa igiyar jaki, ko wa ya bar kaji suka hau rumbu. Sai ta yi murmushin kunya ta ce a gafarce ta, maigida na nema. Mata su bi ta da ido suna cewa wannan mutum ko ruwan sha ba ya iya ɗiba da kansa. Ni da na fara karanta littattafai, ina ganin na san duniya, sai na yanke masa hukunci a zuciyata cewa mutum ne mai takura.

A shekarar ne na ci jarrabawa. Malaminmu, wanda muke kira Mushe irin na Faransanci, mutumin Dahome ne, ya ce an zaɓe ni zuwa makarantar horar da malamai mata, can ƙasar Senegal, a bakin teku. Ban taɓa ganin ruwan da ya fi tabkinmu ba. Mushe ya ce in ka tsaya a gaɓa ba ka hango ƙetare, ruwan kuma numfashi yake, ya zo ya koma, ya zo ya koma, ba ya gajiya. Duk hutun nan a bakin tabki na yi shi, ina runtse ido kaɗan don itatuwan wancan gefe su ɓace, in ga ko zan iya ƙera teku da ɗan abin da nake da shi. An ce in zauna da shiri, duk ranar da aka samu kamyo, babbar motar kaya, mai zuwa Yamai za a zo a ɗauke ni.

Ina cikin wannan jira Baba ya dawo daga gonar gyaɗa da masassara. Kafin kasuwa ta zagayo an kai shi.

Aka shimfiɗa wa Inna tabarma a ƙuryar ɗakinta, aka lulluɓe ta da wani babban baƙin mayafi tun daga ka har ƙafa. Gwaggo ta taho daga Safo ta zauna a bakin ƙofa, ita ce mai tsaron al'ada. A danginsu Baba mai takaba ba ta tashi daga tabarma muddin akwai baƙo a ɗaki, ba ta ɗaga kai, ba ta sa abu mai zaƙi a baki, sai an yi arba'in sannan a sassauta mata. Ba malamai ne suka ce haka ba, amma haka Gwaggo ta tarar, haka kuma ita ta yi wa nata mijin. Baƙi kuwa ba sa yankewa, don Baba mutum ne na jama'a. Waɗannan sun fita, na garin Sarkin Yamma sun shigo, suna nan na Ɗan Issa sun yi sallama. Tun hantsi har rana ta yi sanyi Inna na wuri ɗaya, kan ƙasa mai danshin damina, ba abin da ke cikinta sai ɗan kunu.

Ranar gumbar nan, da azahar ta yi ɗaki ya sarara, Gwaggo ta ce mata ta tashi ta yi alwala. Inna ta dafa ƙasa. Na ga jijiyar wuyanta ta miƙe, na ga gumi ya tsattsafo mata a goshi, amma daga ƙugu zuwa ƙasa kamar an ajiye mata ƙafafun wani. Ta sake gwadawa, hannun ma ya lanƙwashe. Mata suka bar daka suka cika ƙofa. Wata ta ce baƙin ciki ne ya sauka ƙafa. Wata tsohuwa daga gidan da ba sa sallah ta ce mutanen ruwa ne, a kai musu farar kaza bakin tabki. Wata ta yi raɗa cewa mamacin ne bai saki bakin zanenta ba. Gwaggo ta kore su duka, ta ce ko mene ne maganinsa natsuwa, kada ta ƙara motsawa, za a karɓo rubutu. Ta fita rabon gumba ta bar ni ina yi mata fifita.

"Ke 'yar nan," in ji Inna, idonta na kan bango. "Matso. Murza mani ƙwauri."

Shi ne karo na farko da ta nemi in taɓa ta. Naman ƙafar ya yi laushi kamar ƙullu, ba zafi, ba kumburi. Ina murzawa tana magana a hankali, ba ta dube ni ba. Ta ce abin tun tana yarinya yake. In ta yi aiki sannan ta zauna ta daɗe, sai ta ji nauyi ya fara daga cinya. In ta miƙe nan take ta ɗan taka, ta lashi wani abu mai zaƙi, sai ya wuce kamar hadarin da bai zubar ba. In kuwa ta bari ya kama, sai ya yini, yunwa da sanyi kuma na ƙara masa ƙarfi. Ta ce ubanta ma haka yake, shi kuwa da tsufa ya zaunar da shi, kowane kamu sai ya tafi da wani abu bai maido ba, har ya ƙare yana jan jiki a ƙasa. Danginta sun ɓoye, don kada a ce suna da abin gado a ƙi aurensu.

"Ubanki ya sani tun ina amarya," ta ce. "Igiyar jakin nan da kullum yake nema, a kafaɗarsa take."

Hannuna ya tsaya. Sai ta ce, ba da ni take ba:

"To yanzu wa zai kira ni?"

Na ce a gaya wa Gwaggo. Ta girgiza kai. Ta ce da tun Baba na da rai aka faɗa, da wani abu ne. Yanzu in ta buɗe baki, cewa za a yi ta ƙi zama wa mijinta ta ƙirƙiro ciwo, Tsayayya ko mutuwa ba ta tsayar da ita ba. Ta ce mutumin da ya rufa mata asiri tsawon aure, ba za ta bari a ce ba ta ba shi haƙƙinsa ba. Gara ƙafar ta tafi.

Da yamma ƙafar ta saki, washegari ta sake kamawa tun kafin azahar, jibi kuma har magariba ba ta saki ba. Ni ina gefe ina kallon wannan baƙin tuli a ƙuryar ɗaki, mata na shigowa suna ce masa ya haƙuri. Sai na lura ba wadda ke ganin fuska. Ɗakin duhu, mayafin mai kauri, tsawona da na Inna ɗaya. Da na gaya mata abin da nake tunani ta ce a'uzubillahi, budurwa ba ta hawa tabarmar takaba, an ce wadda ta hau ta jawo wa kanta zaman da wuri. Na ce mu a lakwal ba mu yarda da wannan ba. Ƙarya nake, amma na faɗa da murya irin ta Mushe, ita kuwa ba ta da wata hanya.

Ga yadda muka yi. Bayan ɗakin Inna akwai makewayi na zana, a bayansa kuma danni ya ɗan buɗe ta inda awaki ke ratsawa zuwa gonar bayan gida. Dawa ta fi mutum tsawo a lokacin, ta fid da kai ba ta nuna ba. Da hantsi kafin baƙi su fara zuwa sai in raka Inna makewayi, tana dafe da kafaɗata. Mu kutsa cikin dawa, in yi ta takawa da ita tsakanin kunya da kunya har jikin ya farka, in ba ta ɗan mazarƙwailar da na ɓoye a akwatin makarantata. Sannan ta cire mayafin ta lulluɓa mini, in dawo ni kaɗai, a sunkuye, ina jan ƙafa irin na mai takaba, in zauna a tabarma. Ita kuwa ta yini cikin dawa, tana cire ciyawa, tana korar tsuntsaye, tana tafiyarta. In rana ta yi sanyi baƙi sun watse, mu sake haɗuwa bayan zana mu yi musanya. Ba wanda zai tambayi inda ni Rabi nake. Kowa ya san Rabi, tana bakin ruwa da takarda.

Murya ce na fi tsoro, amma tun ranar farko na ji Gwaggo na gaya wa baƙi cewa kuka ya dusar da muryar matar ƙanenta, ita za ta riƙa amsawa. Na yi hamdala a zuci. Aikina ya zama in sunkuyar da kai, in ɗan gyaɗa in an yi addu'a. A nan na san mene ne zama. Bayana ya yi ciwo, ƙafata ta yi tsami, gumi na bin ƙashin bayana ba halin sosawa. Duniya ta koma mini ƙafafu da murya: kaushin dunduniyar matan ƙauye, ƙarar munduwa, warin daddawa a jikin zanen wata, ɗan hasken da ke ratsa saƙar mayafi kamar taurari da rana.

Na kuma ji abin da ake cewa a kaina. Akwai Ladi, amaryar maƙwabcinmu, kusan sa'ata ce, bakinta ba ya hutawa. Kullum sai ta shigo da ƙwaryar fura ta zauna kusa da Gwaggo.

"Gwaggo, ina Madam yau?"

"Tana can tana gaida kifi da Faransanci."

"Wai da gaske ne in ta je ƙasar nan da cokali za ta riƙa cin tuwo? Ni dai tausayin mijinta nake. Rannan na ba ta taɓarya, ta ɗaga sama, sai ta tsaya kallon gajimare. Har hatsin ya gaji da jira."

Ɗaki ya ɗauki dariya ƙasa-ƙasa, irin ta gidan mutuwa. Ni ma sai da na ciji leɓe. Amma da wata baƙuwa ta ce ai abin kunya ne, ɗiya ɗaya tilo ba ta zauna wa ubanta ba, sai Gwaggo ta ja tsaki.

"Ni na goye ta, na san ta. Lakwal ta cinye mata zuciya, saura takarda."

Wannan maganar ta shige ni. Gwaggo ce ta tauna mini abinci tun ba ni da haƙori. Hawaye suka zubo, kafaɗata ta fara rawa, sai na ji baƙuwar na cewa Allah sarki, baiwar Allah har yanzu kuka take, Allah ya ba ki haƙuri. Gwaggo ta amsa da amin.

Duk da haka, in aka ce in zaɓi kwanaki daga rayuwata in sake yi, waɗannan zan zaɓa, saboda safiyar cikin dawa. Raɓa na jiƙa mana zane, ganye na kartar hannu, hannun Inna na kan wuyana da nauyinsa duka. Tana ƙamshin hayaƙi da man shanu. Da yake gefe da gefe muke tafiya, ba sai ta dube ni ba, sai kunyar ta saki harshenta. Ta ba ni labarin garinsu, da ranar da aka kawo ta, da yadda Baba ya fara gane abin ya fita waje ya yi ta kiran a kawo masa takalmi alhali yana sanye da shi. Wata safiya ta tambaye ni tekun nan da ake ta faɗa, ana shan ruwansa? Na ce gishiri ne. Ana ban ruwa da shi? Na ce a'a.

"To mi amfaninsa?"

Na ce kallo. Ta yi dariya har sai da muka tsaya, ta riƙe karan dawa. Ban taɓa jin dariyarta kusa haka ba, na ji ta a haƙarƙarina. Sannan ta ce in na je in kalla mata da kyau, in zo in faɗa mata. Ƙafarta ta dawo. A kwana a tashi ba ta ma buƙatar kafaɗata, amma ba ta ɗauke hannun ba.

Arba'in da sauran nisa, ranar da manyan dangin Baba suka iso daga wajen Katsina. Tsofaffin mata ne masu ido, suka cika ɗaki suka baje, ba su da niyyar tashi. Ina ƙarƙashin mayafi bayan azahar sai na ji ƙararrawar keke a ƙofar gida. A duk ƙasar nan mutum ɗaya na sani mai buga ƙararrawa sau biyu kafin ya yi sallama. Na ji muryar Mushe daga zaure, da Hausarsa mai karkata, yana yi wa maza gaisuwa. Ya ce kamyo ya samu, gobe da asuba zai tashi daga Maraɗi, ba kuma wani sai baɗi. Ya zo ya tafi da Rabi a bayan keke, ta ɗauko akwatinta.

Gwaggo ta leƙa ta ce ba ta nan, a duba bakin ruwa. Aka tura mutane. Suka dawo suka ce ba kowa sai masunta. Wani ya ce a duba gonar bayan gida. Gwaggo ta ce mi zai kai ta wannan gona, ita da ba ta san hauya ba, amma na ji ƙafafu sun zagaya ta bayan danni, na ji ana kiran sunana cikin dawa. Tsakanina da Mushe bango ɗaya ne. Abin da ya rage kawai in yaye mayafi in ce ga ni. Sai tsofaffin nan su ga budurwa a tabarmar takaba, su tambayi ina matar ɗan'uwansu, a samo ta tana yawo cikin gona. Na damƙe gefen tabarma har kaba ta shige mini farce. Mushe ya jira har la'asar ta yi sanyi. Na ji ya ce wa maza yarinyar nan tana da kai, abin tausayi ne. Sannan ƙararrawa, sau biyu, tana nisa.

Baƙi ba su tashi ba sai dab da magariba. Na fita makewayi a sunkuye, ban tarar da Inna ba. Na kutsa cikin dawa ina kira ƙasa-ƙasa. Can ƙarshen gona na same ta kwance tsakanin kunya biyu, tururuwa na bin hannunta ba ta iya kaɗewa. Da ta ji masu nema sai ta tsuguna ta ɓuya, suka daɗe suna zagaye, ta ji nauyin ya fara amma ba halin miƙewa. Wannan karon har wuyanta ya kama. Na kakkaɓe ta, na sa mata mazarƙwaila a baki, na lulluɓe ta da mayafinta, na goye ta. Ba ta da nauyi yadda na zata. Haka muka shigo gida, ni a matsayin Rabi da ta dawo daga bakin ruwa ta tarar da uwarta ta faɗi a makewayi. Gwaggo ta kama muka kwantar da ita, ba ta tambaye ni komai ba. Sai da ta kunna fitila ta ce Mushena ya zo ya tafi, amma an ɗaure jaki a ƙofa, akwai wanda zai raka ni, in muka kama hanya yanzu za mu riski kamyo. Ta fita ɗebo ruwa.

"Tahi," in ji Inna. Harshenta ma ya yi nauyi. "Na ga abin da zan iya. Sauran kwanakin in zauna su."

"In kika zauna su ba ki tashi."

"To sai mi? Ubana ya yi."

"Ni ba zan dawo in tarar da ke a ƙasa ba, Inna."

Ta juyo ta dube ni, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta daɗe tana kallo kamar mai ƙirga abin da ke fuskata, wannan na Baba, wannan nata. Ba ta sake cewa in tafi ba. Da Gwaggo ta dawo ta tambaya ina akwatin, na ce na fasa. Ta ce wa ya riƙe ni? Na ce ba kowa, tsoron ruwan tekun nake. Ta tsaya da ƙwarya a hannu, sannan ta ce a kwance jakin. Labarin da ya bazu ke nan, shi ne kuma kuka ji: na ƙi zaman makoki saboda karatu, na ƙi karatu saboda tsoro.

Washegari na koma tabarma. Muka kai arba'in, dawa ta nuna aka yanke, baƙi suka ɗauke ƙafa, aka bar Inna ta riƙa zagaya tsakar gida. Ranar da ta fita takaba da ƙafarta ta je bakin tabki ta wanke mayafin. Baɗi da na nemi komawa aka ce shekaruna sun wuce, an ba wata gurbin. Na zama mai taimakon malamai a ajin ƙanana a Maraɗi, a nan na haɗu da ubanku. Manyanku kun tuna kakar da ke goya ku ta yi ta zagaye har ku yi barci, ba ta taɓa zama da ku a cinya ba. Kunyar ɗiyar fari ta dawo tsakaninmu bayan takaba, kamar ruwa ya koma gurbinsa. Hannun nan bai sake hawa wuyana ba sai ranar da take jinyar ƙarshe. Teku kuwa har yau ban gan shi ba. Nakan ji shi wani lokaci in iska ta ratsa gonar dawa, ko da yake ban san ko haka yake kuka ba.

Abin da likita ya gaya muku game da Nana, cewa ciwon a cikin naman jiki yake, gado ne, zama bayan wahala da yunwa da sanyi ke tada shi, Inna ta san shi ba da suna ba. Ku je ku gaya wa malaminta ya bar ta ta riƙa miƙewa tana share allo, ko ta kai saƙo ajin gaba. Kada ku jira sai ta roƙa. Ku nemo dalilin kiran ta.

Saura abu ɗaya. Da ubanku ya rasu, ni da furfura a ka, aka shimfiɗa mini tawa tabarmar. Ana cikin gaisuwa wata tsohuwa ta shigo da sanda, ta zauna kusa da ni da ƙyar. Murya na gane, Ladi ce, ta biyo mota tun daga Madarumfa. Ta yi addu'a, ta jira ɗaki ya rage, sannan ta matso da bakinta kunnena.

"Madam, ya haƙuri? Wanga karon dai zaman naki ne."

Na ɗago na dube ta. Ta ce kada in zare mata ido, tun ranar farko suka sani. Wace mai takaba ce ke da dunduniya sumul kamar ta jariri? Ta ce Gwaggo ce ta tare su a bakin rijiya ta ce duk wadda suka tarar a tabarma matar ƙanenta ce, wadda ta ɗaga mayafi ko ta kai wa maza, ita da ita har abada. Zagin da suke yi mini don baƙi ne, wani kuma don su ga ko mayafin zai yi rawa. Na fara dariya, hawaye na zuba. Ita ba ta yi dariya ba. Ta riƙe hannuna.

"Ranar da malaminki ya zo, Kande gida-gida ta bi tana neman wadda za ta karɓe ki zaman, ki tahi makarantarki. Har ɗakina ta zo, ta durƙusa mani, ita da ta isa ta haife ni. Duk muna da maza da rai, Rabi. Ba wadda ta yarda."